Agafiya, Wadda Aka Sayar ta Taga

Agafiya ta haura hamsin kafin ta san ko ita 'yar wa ce. A maƙabarta ta ji, ranar Istar Matattu, da ƙwai a bakinta.

A ƙauyenmu na bakin kogin Prut, mako guda bayan Ista kowa yakan ɗauki kwandonsa ya tafi wurin nasa da ke kwance, Lahadi da Litinin. A shimfiɗa tawul bisa kabari, a jera jajayen ƙwai da burodin Ista da tulun giyar inabi, firist, wato limamin coci, ya zagayo da addu'a, sai a shiga rabon sadaka. Ta saman kabari ake miƙawa, da kyandir a kunne, a ce don ran wane. Mai karɓa ya ce Allah ya karɓa. Ba a ƙi. Ko wanda ba kwa ga maciji da shi ne ya miƙo, hannu biyu za ka sa, don abin ba naka ba ne, mamacinsa ne zai same shi a can.

Wannan shekarar ce ta farko da Inna Dokiya, wadda Agafiya ta tashi tana kira uwa, take cikin na kwance. Saboda haka Agafiya ta taso daga Italiya a doguwar mota. Can take aiki, tana wanke tsofaffin mutane tana juya su a gado. Kafin nan ta yi shekaru a kamfanin sa tumatir a gwangwani har aka rufe shi, ta auri mashayi ta binne shi, ta aurar da 'yarta guda. Ba mace ce mai yawan magana ba. In ta zo gidanka ta tarar da kwanuka a jibge, ba za ta yi maka jaje ba, wankewa za ta yi ta tafi.

Suna zaune kan benci gefen kabarin ita da yayanta Trifan, direban tarakta, wanda ya fara yi wa tulun hidima tun kafin firist ya iso. Can gaba kaɗan wata tsohuwa na zaune a ƙasa tsakanin ƙananan kaburbura uku, ga baron da Trifan ya turo ta a ciki a jingine.

"Gwaggo Domnika ta ƙare," in ji Agafiya tana ɓare ƙwai. "Yaushe ta koma haka?"

"Da hunturu ta faɗi a tsakar ɗaki. Sai da maƙwabta suka ga hayaƙi ya daina fita daga rufinta sannan aka ɓalle ƙofa. Hukumar ƙauye ta gama magana, ana watsewa daga bikin nan mota za ta zo ta kai ta gidan gajiyayyu a birni."

"To, ai gara. Ba ta da kowa."

Trifan ya dube ta, ya dubi kabarin, ya goge baki da bayan hannu.

"Ba ta da kowa? Ke fa, itace ce?"

"Giyar ce ta fara yi maka waƙa, Yaya?"

"Inna ta rantsar da ni in yi shiru muddin tana numfashi. Ga ta nan, ta daina. Ke ba a ɗakinmu aka haife ki ba, Gafi. Ta taga aka miƙo ki. Ni na riƙe kujerar da Inna ta taka ta karɓe ki. Kina wari, kina kuka kamar 'yar mage, duk kin bushe. Domnika ce a ciki, ita ta miƙo."

Ƙwan ya tsaya wa Agafiya a wuya. Ta yi tari har hawaye ya zo, Trifan na bubbuga mata baya yana cewa kada ta mutu masa a nan, ko da yake wurin ya dace.

Ba ta nemi bayani ba, don abin ba baƙo ba ne. Matar da 'ya'ya ba sa tsaya mata, in jaririnta ya kama ciwo, sai ta sayar da shi ta taga ga matar da nata suka rayu. A ba uwar kwabo guda, a canza wa yaron suna. In mutuwa ta zo ta ƙofa tana neman wane ɗan wance, sai ta tarar babu shi a gidan. In yaro ya warke, uwar ta je ta fanshe shi ta kawo abinta gida. Kowa ya san haka. Agafiya da kanta ta taɓa ganin an yi wa ɗan wata ƙawarta, bayan kwana kaɗan aka mayar da shi.

"To me ya hana ta fanshe ni?"

"Tsoro. Inna ta kai ki har ƙofarta ba sau ɗaya ba. Sai ta kulle ta ce ita ba ta da 'ya, a tafi da 'yar mutane. Uku ta riga ta binne, ga su can."

Agafiya ta juya tana kallon ƙananan kaburburan kamar ranar ta fara ganinsu. Alhali a wurin nan ta ci duk wani daɗin ƙuruciyarta.

Gidan Inna Dokiya gidan yara ne masu yawa da abinci kaɗan. Riga takan bi ta jikin mutum uku kafin ta iso kan Agafiya. Da Ista kowane yaro ƙwansa ja guda, sai yankan burodi mai zabibi, sai a wanke fuska da ruwan da aka jefa ƙwai a ciki don kumatu su yi ja. Kyauta ke nan. Amma mako na zagayowa, a maƙabarta, Domnika mai tatsar shanun gonar gwamnati takan ɗaga hannu ta yafito ta, ita kaɗai. Ta miƙo ƙunshi ta saman kaburburan: tawul sabo, alewa, wani lokaci ɗankwali, kuma kowace shekara takalmi. Sabo fil, na kanti. Ba ta murmushi, ba ta kallon fuskarta. Sai ta ce, "Don ran Simion da Toader da Luka," ta juya baya.

Trifan kuwa duk shekara sai ya yi rigima. Sadakar namiji ai namiji ake ba, ta mace a ba mace, yadda mamacin zai iya amfani da ita. "Kaburburan nan na maza ne!" yakan ce yana buga ƙafa. "Me Simion zai yi da jan takalmi mai igiya? Ni ne namiji, ni ya kamata a ba!" Inna Dokiya ta kai masa ranƙwashi ta ce ya rufe baki. Ashe ya sani sarai, neman takalmi kawai yake yi. Manya kuwa babu wanda ya taɓa ce wa Domnika ta yi kuskure, a ƙauyen da in ka kunna kyandir da hannun hagu sai tsofaffi goma sun gyara maka.

Kuma takalman ba su taɓa matse ta ba, ba su taɓa yi mata yawa ba. Wata rana ana gab da Ista, bayan ruwan sama, yara suka hango Domnika a tsugune bakin rijiya tana shimfiɗa zare cikin sawun da Agafiya ta bari a taɓo. Suka kwasa da gudu suna ihu, mayya tana ɗaukar sawun Gafi. Agafiya ta firgita, ta dunƙula taɓo ta jefe ta, ya same ta a kunne. Domnika ta goge kunnen. Ta ƙulla zarenta, ta sa a aljihu, ta ɗauki bokitinta.

A waccan shekarar da aka miƙo ƙunshin, Agafiya ta ɓoye hannu a baya ta ce ba ta so, kayan mayya ne. Inna Dokiya, wadda ba ta taɓa dukanta ba, ta ɗauke ta da mari a gaban jama'a. "Ba a ƙin sadaka. Miƙa hannu biyu!" Ta karɓa tana kuka. Da ta ɗaga ido ta ga Domnika na kallon Inna Dokiya kamar za ta cinye ta ɗanya. Shekara da shekaru tana zaton ƙin karɓar ne ya ɓata wa matar rai. Sai yanzu a kan benci ta gane marin ne.

Ta miƙe, ta ratsa tsakanin mutane. Ta ci karo da wasu tsofaffin mata biyu suna rabon ƙwai, ta tsaya ta dube su.

"Ku ma kun sani?"

Ba su tambaye ta me ba. Ɗaya ta yi alamar gicciye, ɗayar ta ce, "Trifan ɗin nan bakinsa ba ya da ƙofa." Ashe duk wanda ya yi furfura a ƙauyen ya sani. Mai sayar da burodi, mai kaɗa ƙararrawar coci, malamar da ta koya mata karatu. Rabin ƙarni suna gaishe ta da 'yar Dokiya, babu wanda ya yi ko tuntuɓen baki.

Domnika ta gan ta tafe, ta laluba kwandonta ta ciro ƙunshi. Ko shekarun da Agafiya ke Italiya ba ta fasa ba, Trifan take ba ya ajiye mata. Wannan karon silifas ne masu gashi a ciki.

"Don ran Simion da Toader da Luka."

Agafiya ta karɓa, don hannunta ya saba. Ta durƙusa.

"Trifan ya gaya mini. Ke ce kika..."

Tafin hannun tsohuwar ya rufe mata baki da ƙarfin da ba ta zata ba, yana warin kakin kyandir. Idanunta sun fito waje, tana waige-waige tsakanin gicciyoyin.

"A nan? A nan za ki faɗa, a tsakar gidanta? Kin haukace? Tashi ki ba ni wuri! Ban san ki ba. Ke 'yar Dokiya ce, kowa shaida ne." Ta ɗaga murya, ba don mutane ba, don mutuwar da take tsoron tana saurare. "'Yar Dokiya ce wannan! Ni ba ni da kowa!"

Da la'asar Agafiya ta bi ta gida. Gidan na warin sanyi da fitsari, murhu a mace, gutsuren burodi ya bushe a kan tebur. Ta dubi tagar. 'Yar ƙarama ce, ko kwandon kirki ba zai wuce ta ciki ba. Ta daɗe tana kallonta.

"Ba za ki je gidan gajiyayyu ba," ta ce. "Na san irinsu, aikina ne. Zan ɗauke ki ki zauna wurina."

"A matsayin wa?"

"A matsayin abin da kike."

"Ni maƙwabciya ce."

"Na haura hamsin, Gwaggo. Ina da jika. Ko likita bai cika ganina ba. Wace mutuwa ce za ta zauna tana jiran yarinya tun zamanin gonar gwamnati?"

"Wadda ba ta da wani aikin." Domnika ta buga sandarta a ƙasa. "Uku na rungume, uku na binne. Ɗaya na saki, ga ta nan tsaye da furfura da ƙiba tana yi mini rashin kunya. Ke za ki koya mini abin da ke aiki da abin da ba ya yi? Ranar da kika kwana rufi ɗaya da ni da sunan 'ya, ranar za ta gane. Gara su kai ni can in ruɓe. Fita."

"Ko sunana na farko ba za ki gaya mini ba?"

"Fita, na ce!"

Ta fita. Ta ji an ja sakata a bayanta.

Da wata ce, da ta zauna ta yi ta kuka, ko ta je wurin firist ya zo ya yi wa tsohuwar wa'azi cewa wannan camfi ne. An yi mata wa'azin tun tana da haƙora, bai shiga ba. Agafiya ta koma gidan Inna Dokiya, ta cire rigar coci, ta ɗaura zanen aiki. Ta fitar da buhunan masara daga ɗakin marigayiyar, ta share, ta shafe bango da farar ƙasa, ta ja gadon ya matso jikin murhu. Ta sa Trifan ya kafa ƙarfen riƙewa a bango, ya sassaƙe dokin ƙofa yadda baro zai shiga. Yana aiki yana mita.

"Ta ce ba ta zuwa. Ko ɗaure ta za ki yi?"

"Buga ƙusarka, Yaya. Bakinka ya yi aikinsa na yau."

Ta kira ɗan matar da take jinya a Italiya ta ce masa ya nemi wata. Ya yi ta magana a waya, ta ajiye ta kan tebur ta ci gaba da wanke zannuwan gado har ya gaji ya kashe.

Ranar Litinin maƙabarta ta sake cika. Trifan ya turo Domnika a baro kamar jiya, amma maimakon ya nufi ƙananan kaburburan sai ya karkata.

"Kai, ɗan giya, ba nan ba ne! Ka makance?"

"Taya ce ta ƙi juyawa, Gwaggo."

Ya tsayar da ita gefen kabarin Dokiya. A ɗaya gefen Agafiya na tsaye da sabon tawul a hannu biyu, burodi a kai, kyandir na ci. A gefen tawul ɗin an ƙulle wani abu mai nauyi yana lilo. Ta yi magana da ƙarfi yadda na nesa za su ji.

"Gwaggo Domnika, maƙwabciyarmu. Don ran uwata Dokiya. Ɗakinta, da gadonta, da murhunta, da wadda za ta riƙa hura murhun."

Ta miƙa ta saman kabarin.

Domnika ta kai yatsa ta taɓa ƙullin, ta ji mabuɗi ne. Ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi. Hira ta mutu a kaburburan da ke kusa. Wani da ke zuba giya ya bar ta tana malala a ƙasa. Tsofaffin matan nan biyu suka matso, baki buɗe. Ba a taɓa ba da mutum mai rai sadaka a maƙabartarmu ba, amma babu wanda ya iya tuna dokar da ta hana.

"Makira," in ji Domnika. "Muguwa. Wannan ba sadaka ba ce, tarko ne."

"Uwata na can ba ta da ɗaki sai kin karɓa. Sanyi take ji."

"Ki ba wata!"

"Ke na miƙa wa."

Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce a hankali, "Ba a ƙi fa, Domnika. Ke kin fi kowa sani."

Kakin kyandir ya narke ya gangaro kan yatsun Agafiya. Ba ta motsa ba. Ya sake gangarowa, fatar ta yi ja. Domnika na kallon yatsun nan, ba fuskar ba. Ta waiga hagu da dama tsakanin gicciyoyin, leɓenta na motsi kamar mai duba ko akwai ɓaraka a zancen. An ce maƙwabciya. An ce uwata Dokiya. A gaban kowa aka faɗa, da ƙarfi.

"Sauke kyandir ɗin, wawiya, kina ƙona hannu!"

"Sai kin karɓa."

Tsohuwar ta miƙo hannu biyu.

"Allah ya karɓa," ta ce. Sannan ta ƙara da cewa, "Taurin kan Dokiya kika ɗauko, kaf."

Trifan ya juya baya yana fyace hanci, wai hayaƙin turare ne.

Da motar hukuma ta zo, a gidan Dokiya aka tarar da ita, an yi mata wanka, tana zagin miyar da aka ba ta wai gishiri ya yi kaɗan. Direban ya sha giya kofi guda ya koma.

Kada a zaci daga nan zama ya yi daɗi. Domnika ba ta taɓa kiranta da komai ba sai 'yar Dokiya. Ba ta yarda su ci a kwano ɗaya ba. In baƙo ya shigo, kafin ya zauna sai ta sanar da shi cewa ita sadaka aka ba ta ɗakin, ba ta da dangantaka da masu gidan. Da hunturu ya shigo Agafiya ta kama mura, tana tari. Da safe ta leƙa ɗakin ta tarar gado wayam. A bakin ƙofar gida ta same ta, cikin dusar ƙanƙara, ta ja jiki da gwiwa da ƙunshin kayanta a wuya, leɓenta ya yi shuɗi.

"Ta gane," take cewa. "Ta gane mu. Bari in tafi tun da wuri."

Agafiya ta tsaya kanta. Sai a ranar ta yarda har cikin ranta cewa matar nan ba taurin kai ba ne da ita, kuma ba ƙi ba ne. Ta sunkuya ta ɗauke ta kamar yadda take ɗaukar tsofaffin Italiya, ta mayar da ita gado, ta dafa shayi ta shanye a gabanta, ta buɗe baki ta nuna mata maƙogwaro.

"Mura ce, Gwaggo. Kowa na yi. Har akuyar Trifan."

Daga ranar, in tari ya taso mata sai ta tafi rumbu ta yi shi cikin tawul.

A cikin ƙunshin nan ne ta ga zarurrukan. Dami guda, kowanne da ƙulli a baki biyu, daga ɗan guntu kamar yatsa har mai tsawon tafin ƙafar babbar mace. Ba ta ce ta gani ba. Ta mayar ta ɗaure.

Domnika ta ƙara ganin Ista a gidan, ta mutu da kaka, da rana tsaka, Agafiya na yanke mata farce. Ita ta wanke ta, ita ta sa mata sutura. Sunan nan na farko kuwa ya tafi da mai shi. Trifan ya ce shi a lokacin hankalinsa na kan kujera. Tsofaffin da suka rage kowacce ta ce ta manta, kuma daga yadda suke kawar da kai an san ba mantawa suka yi ba. Agafiya ta daina tambaya. Da bazara ta ɗauko zarurrukan ta ɗaure tumatirinta da su a jikin sanduna. Ƙananan ba su isa ba, ta bar su a aljihun rigar aiki.

Yanzu ita ke share makarantar ƙauye. Ranar Istar Matattu kwando biyu take ɗauka, don kaburburanta sun yi yawa. A bara, da ta zo kan ƙananan ukun, ta kunna kyandir ta yafito Trifan, wanda yanzu da sanda yake tafiya. Ta miƙa masa ƙunshi ta sama.

"Don ran Simion da Toader da Luka. Ga takalmin maza, a hannun namiji. Sai ka bar mutane su huta."

Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah ya karɓa, ya zauna a ƙasa wurin yana kuka kamar yaro, yana ƙoƙarin cusa ƙafa. Takalman suka ƙi shiga. Da ido ta saya, ba ta auna ba.